Dalma Biyar a Hannun Riga

A layinmu na bayan tashar Tennoji, a saman shagon mai taliyar udon, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya da ba a taɓa ganin labulensa a buɗe ba. Nan Nogami Tatsuko ta yi shekara arba'in tana ɗinkin kayan mawaƙa. Ba rana take gudu ba. Cewa take yi mutanen benen da ke fuskantar nata suna da ido, kuma ita ba ta san abin da suke yi da shi ba. Mace ce 'yar firit mai kaifin baki, wadda idan ka gaishe ta da fara'a sai ta tsaya tana nazarin abin da kake nema a wurinta. Mun saba da ita a haka, kuma tsakani da Allah ban ga mai ɗinki irin nata ba.

'Yar masunta ce daga wani ƙauye a gaɓar Wakayama. Tana da shekara goma sha biyar aka saka ta a jirgin ƙasa tare da sa'o'inta, aka kawo su masana'antar ɗinka rigunan makaranta. Shekara tara ta yi tana ɗinka kwala, kwala kawai, har ta ce ko a mafarki ita take gani. Daga nan ta koma wurin wani tsoho mai ɗinkin kayan 'yan wasan kwaikwayo, ta sha faɗa ta sha koyo. Da ya rasu ta gaji kekensa da almakashinsa da rashin yardarsa da mutane. Ta yi aure, mijin bai yi tsawon kwana ba, kuma ba su haihu ba.

A shekarar da ta buɗe nata ɗakin wani dogon saurayi ya hau matattakalar. Sunansa Hayase Tetsuro, mawaƙin enka ne, wato waƙoƙin bege irin na da, wanda a lokacin ko mai taliyar da ke ƙasa bai san shi ba. Ya ce yana son rigar da za a riƙa tuna shi da ita. Tatsuko ta ɗinka masa doguwar kwat mai launin shuɗin baba, ta faɗaɗa hannun hagu, sannan a cikin kalmasar bakin hannun ta ɗinke dalma biyar, irin wadda mahaifinta ke ɗaurawa a bakin ragar kamun kifi. Idan Hayase ya kai ƙarshen waƙa ya wurga hannu sama, sai hannun rigar ya buɗe a iska kamar an jefa raga, ya ɗan tsaya, ya sauko a hankali. Matan da ke zaure su yi ta ihu suna share hawaye. Teloli da yawa sun gwada kwaikwayonsa, wannan ya sa sitaci, wancan ya sa waya, amma nasu hannun faɗowa yake yi kamar jiƙaƙƙen tawul.

Da Hayase ya yi suna kamfani ya ɗauke shi, kamfanin kuma ya zo da takarda. Takardar ta ce rigar da yankanta da abin da ke cikinta mallakar kamfanin ne, Tatsuko ba za ta ɗinka wa kowa irinta ba, ba kuma za ta nuna wa kowa sirrinta ba. Ta buga hatiminta ko gardama babu. Ni dai har gobe abin yana ba ni haushi, a ce abu ya fito daga kanka amma sai da izinin wani za ka taɓa shi. Ita ba haka ta gani ba. Gani ta yi an ba ta amana, ta kuwa riƙe ta har abin ya wuce misali. A shago uku daban-daban take sayen dalma, ta ce wa kowannensu mijinta ne ya aiko ta, mutumin da ya daɗe da rasuwa kuma bai taɓa riƙe ƙugiya ba.

Mutum ɗaya ta yarda ya zauna da ita a ɗakin, wato Sumie, mai aikin duwatsun ado. Ita ke jera fararen igiyoyin ruwan da ke ƙasan rigar, dutse bayan dutse, ita ma kuma ta buga nata hatimin a takardar kamfani. Sumie ƙatuwa ce mai yawan dariya da son kayan zaƙi, ta girme wa kowa a surutu amma Tatsuko ta girme ta da shekara biyar, don haka Yaya take kiranta. Shekara talatin da ɗaya suka yi a tebur ɗaya. Nan suke aiki, nan suke ture yadi gefe su ci abincin rana, nan suke faɗa a kan tashar rediyo.

Ana cikin damina, a shekarar da Hayase zai yi bikin cika shekara arba'in yana waƙa, manajansa Okonogi ya hau matattakalar. Tatsuko ta san halinsa: gwargwadon munin labarin da ya zo da shi, gwargwadon zurfin rusunawarsa. Ranar nan kuwa saura kaɗan goshinsa ya taɓa tebur.

"Nogami-san, a gafarce ni, na katse muku aiki. Ki ɗan duba wannan."

Ya miƙa mata wayarsa. Bidiyo ne na wani ɗan dandamali a zauren cin abinci na wani babban gidan wanka. Mutane na zaune cikin rigunan wanka suna ci suna sha, wani mai tumbi da hular gashi yana rera waƙar Hayase cikin shuɗiyar kwat. A bayansa an rubuta Ƙaramin Hayase.

Tatsuko ta ja tsaki. "Wannan ai ba shuɗin baba ba ne, launin bokiti ne. Dubi kafaɗa, kamar an rataye ta a ƙusa. Irin waɗannan sun fi ɗari a ƙasar nan, Okonogi-san. Yau kuka fara ganinsu?"

"Ki jira ƙarshen waƙar."

Mutumin ya wurga hannu sama. Hannun rigar ya buɗe, ya ɗan tsaya, ya sauko a hankali. Tatsuko ta matso da wayar kusa da idonta. Ta ce a maido, aka maido, ta ce a sake, aka sake.

"Lauyanmu ya ce shuɗi ba na kowa ba ne, doguwar kwat ma haka," in ji Okonogi. "In dai mutum bai ce shi ne maigidanmu Hayase Sensei ba, da wuya a kama shi a kan riga. Amma abin da ke cikin hannun nan ba a ganinsa daga kujera. Sensei kansa bai san mene ne ba, shi a zatonsa kwabbai ne. Wani ne ya faɗa, kuma wanda ya faɗa akwai hatiminsa a takardarmu."

"Wato ni kuke nufi."

"Haba, Nogami-san, wa ya isa? Sai dai yadin rigar biki yana ofis, shugaban kamfani ya ce ya ɗan zauna a can tukuna, har a gano inda aka sami ɓaraka."

Ya sake rusunawa ya sauka. Tatsuko ta gane sarai. Ko ta kawo musu suna, ko rigar biki ta tafi hannun wani tela, duniya kuma ta ji dalili. Rigar nan ita ce ta ƙarshe da take sa ran ɗinkawa kafin idonta ya gaza, kuma ta fi son mutuwa da a ce Nogami Tatsuko ta sayar da amana.

Ta fara da mai wanki da guga na bakin layi. Ta tsaya a gaban kantarsa tana yi masa tambayoyi kamar 'yar sanda, har tsohon ya ajiye dutsen guga.

"Shekara ashirin ina goge rigar nan, kuma kullum ke da kanki kike farke hannun ki cire abin da ke ciki kafin ki kawo. To me zan sayar? Tururi?"

Ta bi shagunan dalma uku, ba wanda ya ma tuna fuskarta, abin da ya ƙara mata zargi maimakon ya rage. Ta sa aka canza makullin ƙofa. Ta liƙe gefen labule da fil. Ta daina sauraron rediyo, wai yana hana ta jin motsin matattakala.

A hankali idonta ya dawo cikin ɗaki. Sumie, wadda ko ƙuda ya gifta sai ta yi masa sharhi, ba ta ce uffan ba ranar da aka nuna bidiyon. Kallo ɗaya ta yi masa ta mayar da kai kan duwatsunta. Tun daga ranar kuma dariyarta ta ragu, kuma duk lokacin da Tatsuko ta tayar da zancen sai ta ce, "Yaya, ki bar maganar nan mana. Manya ne, za su gaji su manta."

"Su manta? Sunana ne fa a ciki."

"Na sani. Ki dai bari."

Ran Laraba Sumie ta ce za ta je wurin likitan haƙori, dasashinta na dama ya kumbura. Ran Alhamis ta dawo ta zauna tana gurgurar busasshen biskit ɗin shinkafa, kuma a ɓangaren dama take tauna. Tatsuko ta gani, ta haɗiye. Da rana ta yi, ta ce yau taliya take sha'awa, Sumie ta sauka ta karɓo musu. Kafin takun ƙafarta ya kai ƙasan matattakala Tatsuko ta buɗe jakarta. A ƙarƙashin lalitar kuɗi da alewa ta tarar da 'yar takardar talla mai hoton mutumin nan mai hular gashi, da guntun tikitin gidan wankan, mai kwanan watan Laraba.

Ta mayar da komai yadda yake. Suka ci taliya, har ta ce romon ya yi daɗi. Baƙin cikin da ta ji ba kaɗan ba ne, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan sanyi marar kyau, irin na wanda ya daɗe yana cewa kowa ɓarawo ne, yau ga shi ta tabbata. Sumie na tafiya gida Tatsuko ta ɗaga waya.

"Okonogi-san, ban ce na gani da idona ba. Amma ku tambayi Sumie inda ta je ran Laraba."

Washegari Sumie ba ta zo ba. Rana ta uku Okonogi ya kawo yadi a naɗe cikin farar takarda, ya ce an yi magana da Sumie, ba ta musa ba, ba ta kuma amsa ba. Daga yau hannunta ba zai sake taɓa kayan Sensei ba, sauran kamfanonin da take yi wa aiki ma an sanar da su. A irin sana'ar nan wannan ya isa a rufe mutum.

Tatsuko ta shimfiɗa yadin, yadi ne na gani na faɗa, amma kwana huɗu ta kasa sa masa almakashi. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne rashin musun. Ta san Sumie, ko a kan wanda ya cinye alewar ƙarshe sai ta yi rantsuwa ta kira shaidu. Ran Lahadi ta sa rigar fita, ta hau jirgin ƙasa zuwa bayan gari, ta sayi tikitin wasan ƙarfe biyu na rana. Ta zauna a can baya da rigarta ta fita a tsakiyar masu rigunan wanka, ba ta ci komai ba, ba ta tafa ba. Ana gamawa ta bi mutumin har ɗakin da yake canza kaya, wanda ɗakin ajiyar matasai ne kawai aka sa wa madubi.

Sunansa Mukai Shozo, tsohon direban babbar mota. Ya riga ya cire hular gashin, sanƙonsa na ta zufa. Tatsuko ko gaisuwa ba ta yi ba, ta kama hannun rigar da ke rataye ta lalube bakinsa. Biyar ne. Biyu kusa da juna, uku a warwatse, daidai yadda take jerawa. Ta juya kalmasar. Yadin wurin ya tsufa, ya bambanta da na sauran rigar, an yanko shi ne daga wata aka jona. A ƙarshen ɗinkin kuma ga wani ɗan ƙulli irin na masu gyaran raga. Sumie ba ta iya wannan ƙullin ba, ta sha gwadawa tana kasawa.

"Baiwar Allah, lafiya? Rigar aiki ce fa, a bi ta a hankali." Ya matso ya leƙa fuskarta, sai ya daki cinyarsa. "Inna! Wallahi ke ce! Shekara goma sha ɗaya ina neman inda zan gan ki in yi godiya!"

"Ban san ka ba."

"Ai ba za ki san ni ba, lokacin ina da gashi. Gasar waƙa ta ranar girmama tsofaffi, a zauren unguwarku. Na zo da wata kwat da matata ta faɗaɗa wa hannu, ina bayan labule ina gwada wurgawa, yana faɗo mini a fuska. Kika zo wucewa da gwangwanin ɗinki, kika ce, 'Wa ya yi maka wannan aika-aikar? Cire, kada ka kunyata waƙar mutane.' Ko minti goma ba ki yi ba. Na ce nawa ne, kika ce in tafi in ba ki wuri. Inna, wannan rigata ta huɗu ce, amma bakin hannun nan ban taɓa yarda an farke shi ba. Ban ma san abin da ke ciki ba, tsoro nake ji in buɗe albarkar ta gudu."

Tatsuko ta nemi matashi ta zauna. Ta tuna zauren, ta tuna zafin ranar, ta tuna an roƙe ta ta zo ta taimaka wa tsofaffin unguwa da kayansu, ta yi gyara ya fi ashirin. A kanta ba rigar Hayase ta ɗinka ba, ba sirri ta bayar ba. Hannun riga ta gani yana faɗuwa ba daidai ba, hannunta ya gyara shi kafin hankalinta ya iso, ta wuce ta kama ta gaba. Kunya ta rufe ta har ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Mukai na ta zuba, yana cewa a kawo wa Inna shayi, ita ko jinsa ba ta yi.

Daga bakin tasha ta kira Okonogi ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya yi 'yar dariyar ladabi.

"Nogami-san, wannan ai tsohon zance ne. Mutumin ya aiko da wasiƙa, jibi zai zo gaida Sensei da kwalin kayan zaƙi. Sensei ya ga bidiyon ya yi dariya har da hawaye, ya ce a ba shi izini, wataƙila ma su hau dandamali tare ranar biki. Magana ta ƙare lafiya."

"Sumie fa?"

"An riga an rubuta, shugaba ya buga hatimi. In aka sake buɗewa, sunanki ne zai shiga, sannan wa zai ɗinka rigar? Ki yi haƙuri, ban ji abin da kika faɗa yanzu ba. Layin ba shi da kyau."

Ba ta koma ɗakin ɗinki ba. Ta wuce gidan Sumie, hawa na uku a wani tsohon bene kusa da kasuwa. Ta tarar da ita a baranda tana kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. Sumie ta dube ta, ta dubi rigar fitar da ke jikinta, ta ci gaba da ninke tawul.

"Kin je kin gan shi ke nan."

"Sumi-chan, ni ce. Ni na ɗinka masa."

"Sai yau kika tuna? Ni tun a wayar Okonogi na gane tumbinsa. Na je ran Laraba ne in tabbatar."

"Kin sani?"

"Ni na zura miki zaren a allura ranar, kin manta tabaranki a gida. Har na taɓa ki na ce, Yaya, dalmar Sensei ce fa. Kika ce in rufe miki baki, mutum zai hau dandamali."

Tatsuko ta dafa bango. "To me ya hana ki faɗa mini?"

"In faɗa miki? Na san ki. A ranar za ki ɗauki ƙafa ki kai kanki ofishinsu, ki ajiye allura, ki koma gida ki mutu da baƙin ciki. Na ce bari in ja bakina, manya za su gaji. Da Okonogi ya kira ni ma ban damu ba, na ce mai guga ne ya yi mini sharri, dama ba ma shiri. Har dariya na yi. Na ce masa, wa ya faɗa? Ya ce ke."

"Zan je wurin shugaban da kaina. Zan rubuta, zan buga hatimi, zan bi kamfanonin ɗaya bayan ɗaya."

"Ki je, ko kada ki je. Idona ma ya gaji da duwatsu." Ta ɗauki kwandon kayan ta rungume shi a ƙugu. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi wa Tatsuko sauƙi. "Ba zan fara faɗa miki ba, wannan gaskiya ne. Amma da kin dube ni kin ce, Sumie, me kika sani, wallahi da ban yi miki ƙarya ba. Shekara talatin da ɗaya muna cin abinci a tebur ɗaya. Kika aike ni karɓo taliya, kika tambayi jakata."

Ta ɗan rusuna, irin wadda ake yi wa mai kawo wasiƙa, ta shiga ciki ta ja ƙofar a hankali.